Baba Sai-Na-Juya Da Faifai Biyu

Kafin masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, Baba Sai-Na-Juya ya riga ya shige ɗan ɗakinsa na bayan shagon faya-fayai, ya rataye hularsa a ƙusa, ya ɗauko tsumma. Tsumman nan ba na goge tebur ba ne, kuma duk wanda tsautsayi ya sa ya goge kofin shayi da shi zai ji abin da bai taɓa ji ba. Na gilashin talabijin ne kawai. Akwati biyu ne a ɗakin, iri ɗaya, girma ɗaya, an jera su kafaɗa da kafaɗa a kan dogon benci, kowanne da na'urar faifansa a ƙasa. A gabansu, daidai tsakiya, akwai wata gajeruwar kujera da zama ya lotsa. Ya goge na hagu, ya goge na dama, ya ja baƙin labule ya rufe taga, sannan ya zauna shiru har idonsa ya saba da duhun. Sai a lokacin yake yarda a miƙo masa shayi.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce wane irin aiki ne wannan, dattijo da furfurarsa ya wuni a gaban talabijin. To ga yadda abin yake. Fim guda ne, amma kamfani biyu ke buga shi a kan faifan nan na zamani mai fitar da hoto garau, wanda har gashin girar mutum kana gani. Wannan ya buga don ƙasashen gabas, wancan ya buga don na yamma, kowa da irin hannunsa. Wani ya ƙara haske har farar riga ta riƙa kashe ido. Wani ya datse gefen hoto ya bar ɗan wasa da rabin kunne. Wani kuma tsabar son gyara ya wanke ɗan yashi-yashin nan da tsohon fim yake da shi, fuskoki su koma sumul kamar na 'yar tsana. Kwalin faifai kuwa ba ya taɓa faɗin laifin kansa. Aikin Baba shi ne ya sa bugun biyu gefe da gefe, ya tsayar da su a wuri ɗaya, ya gaya maka wanne ya fi kusa da abin da aka ɗauka tun asali.

Ba da faifai ya fara ba. Tun yana saurayi shi ke haska fim a wani gidan silima da yanzu ake sayar da katifu a cikinsa. A can ne ya saba leƙen allo ta 'yar ƙaramar kafa, shi ya sa har gobe in zai duba hoto da kyau sai ya dunƙule hannu ya bar rami a tsakiya, ya kafa ido ɗaya a kai, ya rufe ɗayan. In ya karkata ga akwatin hagu ya leƙa da idon hagu, in ya karkata ga na dama ya leƙa da na dama. Shi kansa bai san yana yin haka ba.

Sunan kuwa masu saye ne suka laƙaba masa. Mutum zai tsaya a bayansa yana ganin bambanci ƙuru-ƙuru, ya ce, "Baba, ai ga shi nan a fili, na daman ya fi."

"Sai na juya," in ji shi.

"Haba Baba, sauri nake."

"To yi saurinka. Ni dai sai na juya."

Sai ya ciro faya-fayan, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu, ya sake dubawa tun daga farko. A wurinsa akwati ma yana ƙarya, wayar da ta haɗa shi da na'ura ma tana ƙarya, kuma zalunci ne a ɗora wa faifai laifin da ba nasa ba. In kyan ya bi faifan zuwa sabon wurinsa, to na faifan ne. In ya tsaya inda yake, a nemi mai laifi a wani wurin.

Yanzu da kowa ya koma kallon fim a tafin hannunsa, masu zuwa shagon ba su da yawa, amma masu taurin kai ne, kuma kowannensu yana da labarin da zai ba ka. Tela da mai askin da ke ƙarshen layin sun taɓa yin kusan wata guda ba sa gaisawa a kan wani fim na yaƙi, wannan ya rantse da bugun gabas, wancan da na yamma, har sai da Baba ya zaunar da su a bayansa ya raba gardamar. Tela ne ya sha kaye, kuma bai ji haushi ba, don ya san ba a yi masa son kai ba. Mai shagon, wanda ƙanin matar Baba ne, shi ma yana da nasa. An taɓa jibge masa wani bugu da ya ƙi tafiya, ya lallaɓa ya ce, "Yaya, ban ce ka yabe shi ba. In an tambaye ka dai ka yi tari." Baba ya ce shi ba ya mura. Ranar nan mai shago bai ci abincin rana da shi ba, washegari kuma shi ya fara kawo masa shayi.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne na wani tsohon malamin makaranta da ganinsa ya yi rauni. Ya zo neman bugun da ya fi kyau, Baba ya dube shi yadda yake kai kwali har bakin hanci kafin ya karanta, ya ce, "Malam, wanda ya fi kyau kake so, ko wanda ya fi maka?" Ya ba shi bugun da hotonsa bai kai ɗayan ba, amma rubutun fassarar da ke ƙasa manya-manya ne. Malamin ya dawo ya ce rabonsa da ya bi fim daga farko har ƙarshe ba tare da ya sa jikarsa ta karanta masa ba, ya manta.

Kai ne wannan, Baba. Kai ne ba ka taɓa faɗin abin da ba ka gani ba don a ji daɗi, ba ka kuma taɓa ɓoye abin da ka gani don kada a ji haushi. Babu sunanka a kan kwali ko guda, babu wanda ya taɓa kiran ka taro ya ba ka lamba. Abin da ka tara a tsawon shekarun nan shi ne in mutum ya ce "Baba ne ya faɗa," to magana ta ƙare. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Naka idon mutane sun mai da shi mudu, suna auna kayansu da shi ba tare da sun sake dubawa ba.

Wannan yardar ce aka zo gwadawa wata rana da hantsi, kuma ba maƙiyi ne ya zo da gwajin ba. Wata nas ce, ta biyo daga wurin aiki da fararen kayanta, riƙe da kwali biyu. Ta gaishe shi, ta ce mahaifiyarta ta taɓa fitowa a fim sau ɗaya tak tun tana budurwa. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, kwanan nan aka tono shi aka gyara, kamfanonin nan biyu kowa ya buga nasa. Tsohuwar yanzu jiki ya ƙi, ba ta cika fita ba.

"Baba, so nake ta ga kanta yadda take," in ji nas ɗin. "Ba na son in kai mata wanda aka ɓata. Akwai inda take tsaye a bakin taga, ta ce rigar da ta sa shuɗiya ce shar. Kullum sai ta yi mana zancen rigar nan."

"Zauna a waje, 'yata. Yanzu za mu gani."

Ya sa bugun gabas a hagu, na yamma a dama, ya nemo wurin tagar ya tsayar. Ga yarinya nan siririya, ta dafa ƙarfen taga tana kallon waje. Ya dunƙule hannu ya leƙa dama, riga shuɗiya shar. Ya leƙa hagu, sai ya ga rigar ta dushe ta ja zuwa kore, bangon ɗakin ya yi rawaya-rawaya irin na tsohuwar takarda. Ya juya faya-fayan. Rawayar ba ta bi faifai ba, tana nan a hagu.

Wannan bai ba shi mamaki ba, don ya jima yana zargin akwatin hagu. Ya aika da shi wurin mai gyara, aka dawo da shi aka ce lafiyarsa lau. Ya sake aikawa, aka sake dawowa da shi da amsa iri ɗaya, har ya ce wa mai gyaran a gaban mutane raggo ne, ko murfi bai buɗe ba. Tun daga nan yake aiki da akwatin a haka, yana yi masa uzuri a zuci, yana rage rawayar da ƙiyasi. Amma yau launi aka tambaye shi, launin rigar da wata baiwar Allah ta riƙe a ranta tun ƙuruciya, ya ga ƙiyasi ba zai yi ba. Ya kira mai shago ya ce su ɗaga akwatunan su sauya musu wuri ɗungurungum.

"Yaya, bayana fa," in ji mai shago.

"Ɗauki can, bayanka ba zai karye ba."

Suka yi nishi suka sauya, suka maida wayoyi. Baba ya zauna ya leƙa. Akwatin da yake zargi yanzu yana dama, hotonsa tar, riga shuɗiya. Wanda bai taɓa yi masa laifi ba yana hagu, ya yi rawaya.

Ya shiga lissafi a ransa. Faifai ya juya, akwati ya juya, waya ta juya. Abu ɗaya ne ya rage a ɗakin da bai juya ba. A hankali ya sauke hannun hagu, ya dunƙule na dama, ya murɗa wuya ya leƙa akwatin hagu da idon dama. Shuɗi shar. Ya leƙa na dama da idon hagu, rawaya ta biyo shi. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya fara sana'ar nan, don ya gane ba akwati ne ya tsufa ba.

Mai shago yana tsaye yana kallo, kuma ba wawa ba ne, ya fahimta. Ya tura ƙofa ya rufe, ya rage murya.

"Yaya, ka saurare ni. Idonka na dama ai lafiyarsa ƙalau. Ka riƙa dubawa da shi kawai, wa zai sani? Ni ban gani ba, ban ji ba. Mutanen nan don kai suke zuwa. In ka fita ka faɗa, wallahi an gama."

Ba don mugunta ya faɗa ba, tausayi ne, kuma gaskiya ya faɗa. Baba ya san in ya buɗe baki ya rabu da kujerar nan ke nan, shi kuwa bai san kansa a wani wuri ba sai a kanta. Zuciyarsa ta so shawarar, kada a yi ƙarya a ce ba ta so ba. Ya ɗauki rimot ya ajiye, ya sake ɗauka. Sai ya ce, "Na hagun da ya lalace, ya yi mini sallama kafin ya lalace?"

Mai shago ya girgiza kai.

"To na daman ma ba zai yi ba. Buɗe ƙofar."

Ya fito shagon, haske ya sa ya ƙifta ido. Nas ɗin ta miƙe. Akwai mai aski a wurin ya zo duba sababbin kaya, da wasu mutum biyu. Baba bai ja ta gefe ba, a gabansu ya yi magana.

"'Yata, yau ba ni da hukunci. Idona ya samu matsala, yanzun nan na gane. In na ce miki wannan ne, ƙila na yi daidai, ƙila na cuce ki, ni kuwa ba na sayar da ƙila. In Hajiya za ta iya fitowa, kawo ta. Ita ta sa rigar, ta fi ni sanin ta."

Mutanen shagon suka dubi juna. Mai aski ya buɗe baki zai yi wasan da ya saba, ya dubi fuskar Baba ya fasa. Nas ɗin kuwa aikinta ya motsa, ta matso ta ce ya kalli sama, ta ɗan ja fatar idon da yatsa ta duba. Ta ce, "Baba, kamar yanar ido ce. Ana cire ta. Ni zan kai ka wurin likitan ido da kaina."

Bayan kwana biyu ta kawo tsohuwar a mota, ana riƙe da ita tana dogara sanda. Jiki ya tafi amma baki yana nan daram. Tana shiga ɗan ɗakin ta ce, "Nan ne kake ɓuya? Ai ko kaza ta fi ka samun iska." Baba ya yi dariya, ya karkaɗe kujerarsa ya zaunar da ita, kujerar da ko mai shago bai taɓa ɗora mazaunansa a kai ba. Shi ya tsaya a baya da rimot. Ya nemo wurin tagar ya tsayar a akwatunan biyu.

Tsohuwar ta zuba ido tana kallon yarinyar da ke bakin taga. 'Yarta ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Mama, wanne ne launin rigar?"

"Duk shuɗi ne, ke ma kina gani. Bar ni da riga. Malam, matso mini da fuskar."

Ya matso da fuskar a duka biyun. Ta dubi na dama, bugun yamma, inda aka wanke hoton fes, fatar yarinyar sumul babu ko ɗigo. Ta taɓe baki.

"Wannan kyakkyawa ce, amma ban san ta ba."

Ta juya ga bugun gabas, mai yashi-yashi da ɗan duhu. Ta miƙa yatsa har ya kusa taɓa gilashin, abin da Baba bai taɓa yafe wa kowa ba, yau kuwa ya ƙyale ta.

"Ga ni nan. Kin ga tabon a haɓata? Daga kan keken yayana na faɗo, ya ce in na faɗa a gida ba zai ƙara ɗauka ta ba. Har ya rasu ban faɗa ba." Ta shafa haɓarta, inda tabon ya ɓuya cikin tamoji, tana dariya hawaye na zuba. "Su waɗancan wa ya aike su su goge mini shi?"

Baba ya sunkuya ya leƙa da idon dama, ya leƙa ya sake leƙawa. Ya ce, "Hajiya, ni ko tabon ban gani ba. Da na yanke hukunci shekaranjiya, da wancan na ba 'yarki, don ya fi haske."

"To ai gara da ba ka yanke ba," in ji ta. "Mayar mini da fim ɗin baya kaɗan, ina son in ga shigowata."

Daga nan Baba bai zauna ba sai da ya bi sawun maganganunsa. Ya taka har rumfar mai gyara, a gaban mutanen da ke wurin ya ce, "Na kira ka raggo, ashe ni ne ban buɗe murfina ba. Ka yafe mini." Mai gyaran ya rasa inda zai sa kansa don kunya, ya hau share masa benci. Baba ya bi waɗanda ya tuna ya yi wa hukuncin launi a 'yan watannin nan, ya ce su sake dubawa da idonsu. Tela da ya ji labari ya taho da gudu da murnarsa, yana cewa ashe a sake shari'ar fim ɗin yaƙi. Baba ya ce masa, "Kai naka tun idona na da lafiya ka sha kaye. Koma bakin kekenka."

Likita ya tabbatar yanar ido ce, ta hagu ta nuna, ta dama ma ta soma. Ya ce bayan aiki zai ga hanya, ya ga jikokinsa, ya yi karatu. Mai shago ya roƙe shi ya dawo in ya warke, Baba ya ce a'a, ya sha kallo iya shansa, a bar masu sabon ido su zauna. Ya faɗa da murmushi, amma da ya zo ɗaukar hularsa daga ƙusa sai da ya daɗe yana gyara mata zama.

Da ya koma gida da yamma ya tarar da matarsa a tsakar gida tana ninke wanki. Ya zauna ya kwashe labari duka ya gaya mata, yana jiran salati. Ba ta yi ba. Ta ɗaga mayafin da ke hannunta ta ce, "Wannan wane launi ne?"

"Koren mayafinki mana, wanda nake cewa yana yi miki kyau."

"Shuɗi ne, Malam. Tun ranar da na saye shi shuɗi ne."

Ya zuba mata ido. "Shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Wa zai yi gardamar launi da kai a gidan nan? Har ni sai da na fara zargin nawa idon." Ta ninke mayafin ta ɗora a cinyarta, muryarta ta yi ƙasa. "Kuma ka ce yana yi mini kyau. Ban so ka daina faɗa ba."

Baba, mun gode. Mun gode da shekarun da ka yi a ɗakin da ba iska kana duba mana abin da mu ba mu da haƙurin dubawa. Amma godiyar da ta fi girma ta ranar nan ce, ranar da aka rufe maka ƙofa aka ba ka hanyar ɓuya, ka ce a buɗe. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani, kai kuwa da ka gama binciken kowa ba ka tsallake kanka ba. Masu hukunci a kan aikin mutane suna da yawa, a ofis, a makaranta, a kasuwa, har a cikin gida. Duk wanda aka yarda da maganarsa ya yi koyi da dattijon nan: ranar da ya ji ma'auninsa ya fara karkata, ya faɗa da bakinsa tun kafin a cuci wani da shi.

Mako mai zuwa za a yi maka aikin. Nas ɗin ta ce ita za ta riƙe maka hannu har ƙofar ɗakin, mai gyara ya ce shi zai kai ka a motarsa, tela da mai aski kuma tun yanzu suna rigimar wanda zai fara zuwa dubiya. Allah Ya sa a yi a sa'a, Ya ba ka lafiya. In an kwance maka bandeji, matarka za ta tsaya a gabanka da mayafin nan. Ka dube ta da kyau, ka gan shi shuɗi, sannan ka sake gaya mata yana yi mata kyau.